Jami'a mai suna ko wadda ta dace da rayuwata? Ina neman shawara a shekara 39

Uwar Uku ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka koma karatu bayan girma ya fara kama su, da kuma waɗanda suka taɓa koyar da irinmu. Shekaruna 39, ina da aure da yara uku, kuma shekara 11 ke nan ina aiki a sashen kuɗi na wani kamfani. Na taɓa shiga jami'a ina budurwa, na yi shekara biyu ina karanta akanta, sai rashin lafiyar mahaifina ya sa na dakatar da karatun da niyyar komawa bayan zango ɗaya, zangon da har yau bai ƙare ba.

Bana na nemi gurbi a wurare biyu, kuma cikin ikon Allah duka sun ɗauke ni. Ta farko jami'a ce da idan aka ambaci sunanta sai mutane su gyara zama, amma tafiyar awa biyu ce daga gidana, laccocinta duka da rana ake yi, kuma an shaida mini cewa daga ajin farko zan fara, wato shekara huɗu cur, bayan na ajiye aikina. Ta biyu ƙaramar jami'a ce da ba kowa ya san ta ba, tana kusa da ni, tana koyarwa da yamma da ƙarshen mako, kuma wani jami'inta ya ce mini za su karɓi mafi yawan kwasa-kwasan da na ci a baya, ta yadda zan iya gamawa cikin shekara biyu da rabi ba tare da na bar aiki ba.

Hankali yana nuna mini ta biyu, amma zuciyata ta ƙi sakin ta farko. Ba zan ɓoye dalili ba. Na daɗe ina horar da matasa masu digiri daga manyan jami'o'i, ina nuna musu aikin daga tushe, sannan bayan shekara biyu ko uku a ɗora su a kaina, domin suna da takardar da ba ni da ita. Ina tsoron kada in wahala in samo digirin, sannan a dube shi a ce, ai daga can ne. Mijina ya ce zai goyi bayan duk abin da na zaɓa, sai dai na san albashinsa shi kaɗai ba zai riƙe gidan shekara huɗu ba sai da ƙunci mai tsanani. Shin sunan jami'a ya kai a yi masa irin wannan sadaukarwa ga mai shekaruna?

Tsohon Malamin Jami'a ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sanya albarka a wannan niyya, gemu ba ya hana ilimi. Na yi shekaru masu yawa ina koyar da ajin yamma, kuma abin da na gani ya sa nake ganin tambayar da ya kamata ki fara yi wa kanki ita ce: a cikin biyun nan, wacce zan gama ko da shekara ta zo da wahala? Sunan jami'a yana aiki ne a kan takardar kammalawa kawai. Wanda ya yi shekara uku a jami'a mafi shahara a duniya ya bari, a wurin mai ɗaukar ma'aikata matsayinsa ɗaya da wanda bai gama ba a ko'ina, kuma ke kanki kin ɗanɗana wannan tsawon shekara 11. A Amurka kaɗai, wani rahoto da cibiyar tattara bayanan ɗalibai ta ƙasar ta fitar a 2023 ya nuna cewa sama da mutum miliyan 40 sun shiga makarantar gaba da sakandare sun fita ba tare da wata takarda ba.

Masu nazarin dalilan barin karatu sun daɗe da gane cewa babba da yaro ba abu ɗaya ke fitar da su ba. A 1975 Vincent Tinto ya yi bayanin cewa matashi yana dorewa ne idan ya saje da rayuwar makaranta, ya yi abokai, ya ji cewa shi ɗan gida ne. Bayan shekara goma, a 1985, John Bean da Barbara Metzner suka nuna cewa wannan bayani bai cika yin daidai da manyan ɗalibai ba, domin su abin da ke kayar da su yana wajen makaranta ne: kuɗi, yawan awannin aiki, nauyin iyali, da samun ko rashin mai ƙarfafa musu gwiwa a gida. Duk wanda ya koyar da ajin yamma ya san gaskiyar wannan ba sai ya karanta ba. Ban taɓa rasa babbar ɗaliba don karatun ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwarta ba, asali ma sun fi yaran himma da tambaya. Na rasa su ne saboda an sauya wa miji wurin aiki, ko yaro ya kwanta asibiti a makon jarrabawa, ko mai taya renon yara ta tafi. Awa huɗu a kan hanya kowace rana, ga gida mai albashi ɗaya, ba ya barin sararin da za a shanye irin wannan girgiza.

Game da ko sunan yana ƙara albashi, akwai binciken da aka fi ambata a wannan fage, na Stacy Dale da Alan Krueger, wanda aka buga a 2002 suka kuma sabunta shi a 2011. Dabararsu ita ce kwatanta ɗaliban da suka nemi jami'o'i iri ɗaya kuma aka ɗauke su, amma wasu suka tafi mai tsananin zaɓe wasu kuma suka tafi wadda ba ta kai ta ba. Da suka bi su bayan shekaru, sai suka tarar cewa ga mafi yawansu bambancin abin da suke samu ya kusan ɓacewa. Ma'anar wannan ita ce babbar jami'a tana tara haziƙai ne tun daga ƙofa, kuma haziƙin yana tafiya da hazaƙarsa duk inda ya nufa. Ke an riga an ɗauke ki a can, saboda haka shaidar da kike nema a kan kanki kin riga kin same ta.

Sannan ki yi lissafin shekaru, tunda lissafi sana'arki ce. Ɗan shekara 18 yana da kimanin shekara 40 na aiki a gabansa da zai ci ribar sunan makarantarsa, kuma lokacin da yake karatun ba albashin kirki yake asara ba. Ke za ki gama kina da 43, bayan kin yi asarar albashin shekara huɗu da ƙarin girman da zai zo a cikinsu, ki kuma koma kasuwar aiki da giɓi a tarihin aikinki. A ɗaya hanyar kuwa za ki gama kafin ki cika 42, da digiri a hannu da shekara 13 ko 14 na aiki ba yankewa.

Kada kuma jerin gwanon jami'o'i da mujallu ke fitarwa ya ruɗe ki. Mujallar U.S. News ta Amurka ta fara nata a 1983, kuma a 2022 wani farfesan lissafi na Jami'ar Columbia da ke Amurka, Michael Thaddeus, ya nuna cewa wasu alƙaluman da jami'arsa ta miƙa ba daidai ba ne, sai ta faɗo daga ta 2 zuwa ta 18 a shekara guda, alhali malamanta da azuzuwanta suna nan yadda suke. Ni dai, da 'yata ce ke, ta biyun zan nuna miki.

Mai Ɗaukar Ma'aikata ya amsa:

Malam ya yi magana mai nauyi, kuma ina girmama ta, amma da izininsa zan kawo ɓangaren da ya tsallake, domin aikina shi ne tace takardun masu neman aiki, kuma ni ma ina da shekara 34 na koma jami'a.

Binciken da Malam ya ambata yana da togaciya, kuma togaciyar tana iya zama ita ce ta shafi Hajiya. Dale da Krueger sun tarar cewa ga ɗaliban da suka fito daga gidajen da iyaye ba su yi karatu mai zurfi ba, da kuma baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka a Amurka, inda aka yi binciken, zuwa jami'a mai tsananin zaɓe ya haifar da ƙarin samu na zahiri. Dalilin da aka fi kawowa mai sauƙin fahimta ne: ɗan gidan da ke da hanyoyi yana da wanda zai ɗaga waya ya yi masa magana ko daga ina ya gama, amma wanda ba shi da kowa, makarantar ce take zame masa dangi. Wani bincike na 2023, na Raj Chetty da David Deming da John Friedman, a kan jami'o'i 12 mafiya shahara a Amurka, ya nuna cewa ko da matsakaicin albashi bai bambanta sosai ba, damar kaiwa ƙololuwa, kamar shiga manyan kamfanoni ko fitattun makarantun digiri na biyu, tana ƙaruwa ƙwarai ga wanda ya shiga cikinsu.

A teburina kuma ina ganin yadda abin yake aiki. Idan takardu ɗari uku suka zo don gurbi ɗaya, babu mai lokacin gano wane ne haziƙi, sai a nemi alama mai saurin karantuwa, kuma sunan makaranta yana daga cikin alamomin farko. Masanin tattalin arziki Michael Spence ya yi bayanin wannan tun 1973, cewa takardar karatu saƙo ce da mai neman aiki ke aika wa wanda bai san shi ba. Ba na cewa adalci ne, ina cewa haka ake yi. Sai dai, don in yi wa Malam adalci, alamar tana da ƙarfi ne a kan wanda ba shi da tarihin aiki. Idan na ga shekara 11 a sashen kuɗi, idona yana sauka a can ne kafin ya kai ga layin makaranta.

Saboda haka tambayata gare ki, Hajiya, ita ce: me kike so digirin ya yi miki? Idan kina so ne a cire shingen da ya hana a ƙara miki girma a inda kike, ko a wuri makamancinsa, kowace jami'a da hukuma ta amince da ita za ta cire shi. Idan kuwa kina so ki sauya layi gaba ɗaya, ki shiga manyan kamfanonin binciken kuɗi na duniya ko ki zama malamar jami'a, to a nan sunan yana buɗe ƙofar da ƙwazo kaɗai yakan daɗe yana ƙwanƙwasawa.

Abu na ƙarshe, kada ki ɗauka cewa babbar jami'ar ba ta da wata ƙofa sai wadda aka nuna miki. Da yawa daga cikin masu suna sun daɗe da ware wa manya hanya. Columbia tana da makaranta ta musamman tun 1947 don waɗanda karatunsu ya katse, kuma ajinsu ɗaya da sauran ɗalibai. Kwalejin Smith ta mata da ke Amurka ta buɗe irin wannan shiri a 1975. Birkbeck da ke Landan tun 1823 take koyar da ma'aikata da yamma, kuma Jami'ar Landan ta fara ba da digiri ga waɗanda ba sa zaune a cikinta tun 1858. Ki je da ƙafarki ki tambaya ko taki tana da tsarin karatun yamma ko na ƙarshen mako, ko tallafin manyan ɗalibai, ko hanyar ɗaukaka ƙara a kan kwasa-kwasanki na baya, domin zuwa da kai ya fi saƙo, kuma magatakardan da ya amsa miki waya ba lallai ne ya san komai ba.

'Yar Ajin Dare ta amsa:

Yaya, ni abin da ya tsaya mini a rai a cikin bayaninki shi ne inda kika ce wani jami'i ya ce miki za su karɓi kwasa-kwasanki. Ya ce, ko ya rubuta? Ina tambaya ne saboda ni ma haka aka ce mini. Na zaɓi wata makaranta don ta dace da lokacina, aka yi mini alkawari da baki cewa za a lissafa mini karatuna na baya, sai bayan na biya kuɗin zangon farko aka sanar da ni cewa kwasa-kwasan sun tsufa, domin suna da ƙa'idar da ba sa karɓar abin da ya wuce shekara goma. Shekara biyun da aka faɗa mini ta koma uku da rabi. Naki sun kusa shekara ashirin, saboda haka ki nemi a duba takardar sakamakonki kwas bayan kwas, a ba ki amsa a rubuce da sa hannun shugaban sashe kafin ki biya ko sisi. Wannan matsala ba ta mutum ɗaya ba ce: wani rahoton ofishin binciken gwamnatin Amurka na 2017 ya ƙiyasta cewa ɗaliban da suka sauya makaranta sun yi asarar kimanin kashi 43 cikin ɗari na abin da suka riga suka ci.

Ina kuma so in ja hankalinki cewa kalmar dacewa ita ce ainihin ƙugiyar da miyagun makarantu ke kama manya da ita. Sun san muna sauri, sun san muna jin kunyar shekarunmu, sai su ce mana komai zai zo da sauƙi. Rukunin makarantun Corinthian a Amurka ya rushe a 2015, rukunin makarantun ITT kuma ya bi baya a 2016, suka bar dubban ɗalibai, da yawansu iyaye ne masu aiki, da bashi da takardun da wasu makarantu suka ƙi karɓa. Ba ina cewa taki haka take ba. Ƙaramar jami'a tana iya zama mai inganci sosai, kuma karatu daga nesa ko da yamma ba abin rainawa ba ne, tunda Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya, da aka kafa a 1969, ta daɗe tana wannan aiki da mutunci, kuma Nelson Mandela daga kurkuku ya kammala digirinsa na lauya da Jami'ar Afirka ta Kudu a 1989. Amma inganci abu ne da ake bincika, ba a ɗaukarsa daga bakin mai talla.

Ki tabbatar hukumar ƙasa ta amince da kwas ɗin akanta ɗin kansa, ba jami'ar kawai ba. Ki tambaya ko ƙungiyoyin ƙwararru sun san da shi, domin ACCA, ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta duniya, misali, tana da jarrabawa 13, kuma tana iya yafe har guda tara ga wanda ya fito daga kwas ɗin da ta tantance. A sana'arki wannan takarda ta ƙwararru tana iya rufe sunan jami'a gaba ɗaya. Sannan ki je wurin da yamma, ranar da ake lacca, ki ga ko malamai suna zuwa, ko ɗakin karatu da ofishin rajista suna buɗe a lokacin da ke za ki iya zuwa, ki kuma tsayar da ɗalibai biyu ko uku masu irin shekarunki ki tambaye su cikin waɗanda suka fara tare mutum nawa suka rage.

Tsohon Malamin Jami'a ya sake amsawa:

Na karɓi gyaran da ɗan'uwana ya yi mini game da togaciyar, gaskiya ce, kuma bai kamata in tsallake ta ba. Abin da zan ƙara shi ne binciken albashin da ni da shi muka ambata duk a kan matasa aka yi su, waɗanda suka shiga jami'a kai tsaye daga sakandare, suka zauna a cikinta dare da rana. Dangantakar da ake cewa babbar jami'a tana bayarwa ba a cikin aji ake ƙulla ta ba, a ɗakin kwana ne da ƙungiyoyi da hirar bayan lacca da aikin hutu da ake tura ɗalibai. Uwar da za ta fita daga lacca tana duba agogo don ta kama hanyar awa biyu za ta biya cikakken farashin sunan, amma rabin amfaninsa ba zai iso gare ta ba.

Akwai kuma hanyar da babu wanda ya ambata a cikinmu. Mutane sun fi kallon takarda ta ƙarshe da mutum ya samu. Idan Malama ta gama digirin farko da sakamako mai kyau a ƙaramar jami'ar, tana iya neman digiri na biyu a babbar, wanda shekara ɗaya ne ko biyu, sau da yawa kuma ana yin sa tare da aiki, kuma a irin wannan aji shekarunta da gogewarta su ne jarinta. Sharaɗin dai shi ne wanda ƙanwata ta faɗa, a tabbatar babbar tana karɓar digirin ƙaramar, kuma wannan tambaya ce da sashen karatun gaba da digiri zai iya amsawa a wasiƙa ɗaya.

Uwar Uku ta dawo:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na ɗauki hutun kwana biyu na bi abin da kuka ce. A babbar jami'ar an tabbatar mini cewa akanta ba shi da tsarin yamma a matakin digirin farko, amma akwai shi a digiri na biyu, kuma suna karɓar waɗanda suka fito daga ƙaramar idan sakamakonsu ya kai matakin da suka gindaya. Sun kuma ce zan iya jinkirta gurbina na shekara guda idan na rubuta kafin ƙarshen wata.

A ƙaramar kuwa, maganar 'yar'uwata ta ajin dare ta tabbata, ko da yake ba ta yi muni kamar nata ba. Da shugaban sashe ya duba takarduna da kansa, sai ya ce kwasa-kwasan lissafi da tattalin arziki za su wuce, amma na haraji da na ƙa'idojin rahoton kuɗi dole in sake su, domin dokokin sun sauya tun bayan da na bari, kuma ban ga laifinsa ba, tunda a wurin aiki ni ma na san sun sauya. Shekara uku ke nan maimakon biyu da rabi, kuma ya yi alkawarin ba ni wannan a rubuce ranar Litinin. Na zauna a bayan wani aji na kusan awa guda, na ƙirga mutum 26, aƙalla goma daga cikinsu sa'o'ina ne ko sun girme ni.

Tambayar da Mai Ɗaukar Ma'aikata ya yi mini ita ce ta hana ni barci, domin da na zauna na amsa ta tsakanina da Allah, sai na ga ba sauya layi nake so ba, kujerar shugabar sashen da na daɗe ina yi wa aiki nake so. Zan rubuta wa babbar in nemi jinkirin shekara guda don kada in rufe ƙofar da hannuna, kuma idan takardar Litinin ta fito yadda aka faɗa, zan yi rajista a ƙaramar. Abin da ya rage mini shi ne batun yafe jarrabawar ƙwararru, domin jami'in da na samu bai iya ba ni amsa ba. Idan akwai wanda ya taɓa neman wannan yafewa da takardun makarantu biyu daban-daban, ina roƙon ya bayyana mini yadda ya bi.